Magana Zarar Bunu: “An Yi Mata Aiki”

A watan jiya mun tsaya a kan kalmar nan “riƙo”, muka duba bambancin ɗan riƙo da ɗan aike. Na gode wa waɗanda suka aiko da wasiƙu, za mu komo kansu nan gaba. Kalmar wannan wata kuwa ba ni na zaɓe ta ba. Yara biyu ne na ajina suka zaɓa mini, ba da saninsu ba.

Ran wata Talata an tashi tara, ina zaune gindin dogon yaro ina duba littattafan lissafi, sai gardama ta tashi a filin ƙwallo. Kafin in isa na ji ɗaya ya ce wa ɗayan, “Kai har kana da bakin magana? Ai kai ba haihuwarka aka yi ba. Yanka uwarka aka yi aka ciro ka.” Wanda aka faɗa wa ɗan shekara 10 ne, mai tsiwa kuwa, ba a taɓa shi ya ƙyale. Amma ran nan bai rama ba. Ya bar ƙwallon, ya zaga bayan aji ya zauna yana kuka. Na kira mai zagin na ce, “A ina ka ji wannan?” Ya ce, “Malam, haka Gwaggo ta ke faɗi.”

To, kun ji. Yaro ba ya ƙago irin wannan magana. Abin da manya suka zubar a tsakar gida, shi ya ke kwasa ya kai waje. Na yi masa faɗa kamar yadda ya kamata, amma na ce a raina, asalin maganar da mu manya za a yi ta.

SUNA BIYAR, ABU ƊAYA

Abin da a ke nufi dai shi ne, sa'ad da haihuwa ta gagara ta hanyar da aka saba, ko kuwa aka ga jira zai jawo hasarar rai, likita ya tsaga mara da mahaifa, ya fito da jariri ta nan, sa'an nan ya ɗinke. A nan Bugaje, da sauran garuruwan ƙasar Jibiya, na ji an kira wannan abu da suna biyar.

Na fari “tiyata”. Wannan aro ne daga Ingilishi. Turawan Ingila suna kiran ɗakin da a ke yin aikin da sunan da su ke kiran gidan kallon wasa, gama a zamanin dā akan jera kujeru hawa hawa kewaye da tebur, ɗalibai su zauna suna kallon hannun malaminsu. Kunnen Bahaushe ya ji sunan ya mai da shi tiyata, kamar yadda ya yi da asibiti da likita. Ashe asalin tiyata sunan ɗaki ne. Kalmar ba ta haihuwa kaɗai ba ce, gama mai gwaiwa da mai yanar ido su ma tiyata a ke yi musu. Shi ya sa masu karanta labarai a rediyo su kan cika ta su ce “haihuwa ta hanyar tiyata”.

Na biyu “aiki”. “An yi mata aiki.” Wannan ita ce ta fi yawa a bakinmu, kuma kalmar kunya ce, irin yadda mu kan ce mace tana da juna biyu, ko an sami ƙaruwa. Tana da ladabi, ba ta kuwa tsorata kowa. Laifinta ɗaya, ba ta ambaci haihuwa ba ko kaɗan. Mai ji sai ya tambaya, “To, ɗan fa?”

Na uku “fiɗa”. Wannan daga rumfar mahauta ta zo. Akuya a ke fiɗewa bayan an yanka ta. Gaskiya ne mun saba da cewa “likitan fiɗa” har ba mu jin kaifin kalmar, amma tsohuwar da ba ta taɓa shiga asibiti ba tana jinsa.

Na huɗu “yanka”. Ita ce mafi muni. Kowane Bahaushe ya sani tun yana yaro, abin da aka yanka ba ya tashi.

Na biyar ta ma'aikatan asibiti ce. A wannan gefen iyaka su kan ce “si-es”, watau baƙaƙe biyu na farkon sunan abin da Ingilishi. In ka ƙetare Magama ka wuce Ɗan Isa zuwa Maraɗi, ma'aikatan can da Faransanci suka yi karatu, sai ka ji suna cewa “sezariyan”. Duka biyu tushensu ɗaya ne, za mu kuwa zo kansa.

Yanzu ku yi mini haƙuri in yi ɗan abin da na saba yi a gaban allo. In muka ce “ta haihu”, wa ya yi aikin? Ita. In muka ce “an yi mata”, “an ciro”, “an yanka”, wa ya yi? Wani ne can da ba a ambata ba, ita kuwa ta zama abin da aka yi wa. Da ƙaramar kalmar nan “an” mun fitar da mace daga cikin haihuwarta. Daga nan taki ɗaya ya rage a ce “ta kasa”. Mu kan kuma ce da wata, “ta haihu da kanta”, muna yabo, gama tun kakanni jarumar mace a wurinmu ita ce wadda ta durƙusa ita kaɗai a ɗaki, ba a ji muryarta ba, sai dai a kira ungozoma ta zo yankan cibiya. Yabon nan yana da bayansa. In wannan ta haihu da kanta, waccan fa, wa ya ɗaukar mata cikin wata tara?

INA RUWAN KAISAR?

Kun san sunan Kaisar Augustas, sarkin Roma wanda aka yi ƙidaya a zamaninsa. Wanda ya ɗauke shi magaji shi ne Yuliyus Kaisar, an haife shi shekara 100 kafin haihuwar Almasihu. Da sunan Kaisar a ke danganta si-es da sezariyan, wai don ta haka aka haife shi. Masu binciken tarihi ba su yarda ba, dalilinsu kuwa mai ƙarfi ne. Uwarsa, Aureliya, ta rayu har ya kai shekara 46. A zamanin nan kuwa ba a tsaga cikin mace sai ta mutu ko tana bakin mutuwa, gama Romawa suna da doka kada a binne mai ciki sai an fitar da ɗan. Da yawa cikin masana suna ganin sunan ya fito daga wata kalmar Latin mai ma'anar yanka. Ashe kalmar Turawan ma da wuƙa a cikinta, sai dai su sun manta.

Kada mu raina tsoron kakanninmu, yana da tushe. Har wajen tsakiyar ƙarni na 19, ko a manyan asibitocin Turai, yawancin matan da aka yi wa wannan aiki mutuwa su ke yi, ko ta zubar jini ko ta ruɓar ciki. Abubuwa ne suka sake ɗaya bayan ɗaya. A 1846 aka nuna a Amurka yadda za a sa mutum barci kada ya ji zafin wuƙa. A 1867 Joseph Lister na Birtaniya ya bayyana yadda za a kashe ƙwayoyin cuta a rauni da kayan aiki. A 1882 Max Sänger na Jamus ya koyar da ɗinke mahaifa sosai, gama kafin nan sau da yawa akan bar ta ba ɗinki. A 1926 Munro Kerr na birnin Glasgo ya yaɗa tsagar da a ke yi a kwance a ƙasan mahaifa, wadda ta fi warkewa da ƙarfi, ita ce kuwa a ke yi har yau. Daga baya aka sami ƙarin jini da magunguna irin su penisilin. Aikin ya sake sarai, kalmarmu ce ba ta sake ba.

Ga kuma wani abin da zai ba ku mamaki. A 1879 wani Bature mai koyon likita, Robert Felkin, ya ga masu maganin gargajiya sun yi wannan aiki a Kahura, cikin ƙasar Bunyoro ta Yuganda. Sun shayar da matar giyar ayaba don rage zafi, sun wanke hannu da cikinta da ita, sun tsai da jini da ƙarfe mai zafi, sun haɗe raunin da tsinkayen ƙarfe. Uwa da ɗa duka suka rayu. Ya ba da labarin a Edinbara a 1884. Saboda haka wanda ya ce wannan dabarar Turawa ce da ba ta dace da baƙar fata ba, bai san labarin Afirka ba.

ME YA KE SA A YI?

Ba don ragwantaka ba. Ga manyan dalilai. Wani lokaci kan jariri ya fi ƙarfin ƙashin ƙugun uwa, wannan kuwa ya fi samun yarinyar da ta yi ciki tun jikinta bai gama girma ba. Wani lokaci ɗan ya gicciye, ko hannu ya riga fitowa. Wani lokaci mabiyiya ce ta sauko ta tare ƙofar mahaifa, ko ta rabu da jikin mahaifa tun ɗan bai fito ba, jini ya ɓalle. Wani lokaci cibiya ce ta rigayi ɗa, kansa ya danne ta. Akwai jijjiga, wadda hawan jini na masu ciki ya ke kawowa. Akwai kuma sa'ad da aka saurari bugun zuciyar ɗan aka ji ya galabaita. Ku duba jerin nan da kyau. A cikinsu wanne ne ƙarfin hali zai warware? Ko jarumar duniya ce, nishi ba ya faɗaɗa ƙashi.

Shi aikin kansa ba ya cika wuce sa'a ɗaya, jaririn kuwa yakan fito cikin minti 10 na farko. Yawanci allura a ke yi a gadon baya, jiki ya mutu daga ƙirji zuwa ƙasa, mace tana farke, da kunnenta za ta ji kukan ɗanta na fari. Tsagar ba ta cika wuce taƙi ɗaya ba. In ba wata matsala, bayan kwana 3 zuwa 5 a sallame ta.

DAREN DA NA YI SHIRU

Ba na so in yi kamar ni mai tsabtar hannu ne cikin wannan magana. Ina da ƙanwa da aka aurar a wani ƙauye yamma da mu. Cikinta na fari, ta kwana ta wuni a kan gwiwa, aka ɗora ta a amalanke zuwa wani ƙaramin asibiti. Ma'aikaciyar da ta duba ta ta ce kan ɗan ba zai wuce ba, a kai ta Katsina maza maza a yi mata aiki. Aka aiki wani saurayi gida ya faɗa wa manya, a kuma nemo kuɗin mota. Ina wurin sa'ad da ya iso. Ya sauka daga babur yana haki ya ce, “An ce za a yanka ta.”

Gida ya ruɗe da kuka kamar an yi rasuwa. Uwar mijin ta ce, “Ni na haifi tara a ɗakin nan, ba wanda ya sa mini wuƙa. A dawo da ita, lokacinta ne bai yi ba.” Mijin ya dube ni, gama ni ne mai takardar shaida a cikin dangi. Ni kuwa na san abin da ya kamata in ce, “Inna, ba yanka ba ne, taimakon haihuwa ne, gobe war haka tana shayarwa.” Amma gidan surukai ne, ga manya a zaune, sai kunya ta riƙe mini baki. Aka dawo da ita. Aka yi jiƙe jiƙe har gari ya waye. Da muka isa Katsina da azahar ta kashegari, aikin da aka guda shi ɗin dai aka yi, sai dai ɗan ya riga ya mutu a ciki.

Bayan 'yan kwanaki fitsari ya fara zubo mata ba tsayawa. Likita ya bayyana mini dalili. In kan ɗa ya daɗe a maƙale, yakan matse mafitsara a jikin ƙashi, jini ya daina kaiwa wurin, naman ya mutu ya faɗi, ya bar ƙofa. Shi ne yoyon fitsari. Abin baƙin ciki, a ƙauyen cewa aka yi aikin ne ya jawo, alhali jinkirin aikin ne.

A Babbar Ruga, nan kusa da Katsina, aka ɗinke ta ta warke. Wurin a dā na jinyar kutare ne. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya zo can a 1983, a 1984 ya fara ɗinkin yoyon fitsari, ya yi wa dubban mata, ya kuma koyar da likitoci masu yawa. Daga baya Gwamnatin Tarayya ta mai da wurin cibiyar ƙasa ta wannan ciwo. A ƙetaren iyaka ma an buɗe irinta a Danja, kusa da Maraɗi, a 2012. Yau ƙanwata tana da 'ya'ya biyu, dukansu ta hanyar tiyata, an sa rana tun kafin naƙuda. Uwar mijin nan da kanta ta yi mata zaman jinya. Amma na farin nan, da yanzu ya isa shiga sakandare. Ban ɗora wa saurayin da aka aika laifi ba, kalmar da ya gada ya faɗa. Shirun da na yi shi ne nawa.

LISSAFI

Daga 1976 zuwa 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya, aka buga sakamakon a 1985. Sun tarar mutuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba a cikin matan da ba su yi awon ciki ba, waɗanda sai abu ya ɓaci a ke kawo su, da kuma ƙananan 'yan mata. Daga nan ne za ku gane inda maganar nan ta fito, wai “duk wadda aka shiga da ita tiyata sai Allah”. In ba a kai mace ba sai ta kwana biyu tana naƙuda, jini ya ƙare, zazzaɓi ya shiga, sa'an nan ta rasu a hannun likita, sai a ce wuƙa ce ta kashe ta. Maƙwabta su ji, su ƙara tsoro, tasu in ta zo su ƙara jinkiri. Haka abin ya ke zagayawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2015 cewa a ƙasar da haihuwa ta hanyar tiyata ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba, ƙaruwarta tana rage mutuwar uwaye da jarirai, amma in ta wuce haka ba a ga ƙarin amfani ba. A 2021 ta ce a duniya duka haihuwa 21 cikin 100 ta haka a ke yi, har a ƙasashe irin su Masar da Turkiyya da Brazil ta wuce rabi. Nasu ya yi yawa, su ma suna da tasu damuwa. Mu fa? Binciken lafiyar jama'a na Nijeriya na 2018 ya sami kusan 3 cikin 100 a ƙasa duka, a ƙauyuka kuwa kusan 1 cikin 100. Ba wai matanmu sun fi na duniya faɗin ƙugu ba ne. Ma'anarsa ita ce da yawa masu bukata ba su samu ba. Hukumar nan ta ƙiyasta mata 82,000 suka mutu a Nijeriya wajen ciki da haihuwa a 2020, fiye da rubu'in na duniya duka.

“ZAN HAIHU KAMAR MATAN IBRANIYAWA”

Akwai wata magana da ta shigo gidajenmu na masu bi, tilas in taɓa ta. Ka ji mace ta ce ita ba za a yi mata aiki ba, za ta haihu kamar matan Ibraniyawa. Har wani ya ce yarda da tiyata rashin bangaskiya ne. Ku buɗe Littafin Fitowa sura 1 ku karanta da kanku. Ungozomai ne su ke ba Fir'auna amsa, don ya tuhume su a kan sun ƙi kashe jarirai maza. Ba alkawari ba ne aka yi wa kowace mace. Abin da aka yabi ungozoman a kai shi ne sun ceci ran 'ya'ya. Sa'an nan ku koma Farawa sura 35. Rahila matar Yakubu, uwa ce a cikin Ibraniyawa, wajen haihuwar Biliyaminu ta sha wuyar naƙuda har ta rasu. Ko akwai mai cewa rashin bangaskiya ne ya kashe ta? Wanda kunama ta harba yana addu'a yana kuma neman magani. A yi addu'a, lalle, amma a yi ta a cikin mota.

KUƊI DA HANYA

Kada in yi rashin gaskiya in ce kalma ce kaɗai matsalarmu. Akwai kuɗi, akwai hanya. Jamhuriyar Nijar ta yi doka tun 2005 cewa a yi wannan aiki kyauta a asibitocin gwamnati. A Nijeriya, cikin Nuwamba 2024, Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya ba da sanarwar za a riƙa yi wa mata marasa hali kyauta, a asibitocin da aka sa cikin shirin. Ku tambayi sunan asibitin da ya fi kusa da ku tun wajen awo. Amma kyautar aiki ba ta biyan mai mota, ba ta kuma kawo mai ba da jini.

Mu na bakin iyaka muna da namu ƙarin. Dangi a raba su ke, wasu nan, wasu can, yarinya kuwa takan tafi goyon ciki gidan iyayenta ko da a ƙetare ne. An rufe iyakar Jibiya a 2019, ba a buɗe ba sai 2022. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, sai Maris 2024 aka buɗe. Ga kuma 'yan bindiga da suka sa direba ya kan yi tunani biyu kafin ya fita da dare. Naƙuda kuwa ba ta san an rufe iyaka ba, ta kuma fi son dare. Saboda haka maigida, tun ciki yana wata 7 ka san asibitin da za a je wanda a ke yin tiyata a cikinsa, ko Jibiya, ko Katsina, ko Maraɗi. Ka san mai motar da za ka tasa. Ka ajiye ɗan abin da ya samu, ko tunkiya ce. Ka yi magana da mutum biyu cikin dangi da za su ba da jini. In tafiya za ta kama ka, ka faɗa a gaban manya wanda zai sa hannu a madadinka. In an ce a wajen awo akwai haɗari, ta koma gidan dangi a birni kafin kwanakinta su cika. Naƙudar da ta kai daga fitowar rana zuwa faɗuwarta ba ta gida ba ce. Jini, ko jijjiga, ko fitowar hannu ko cibiya kuwa, ba a jira ko sa'a ɗaya.

BAYAN AIKI

Kada kuma mu faɗa ɗaya ramin, mu ce tiyata wasa ce. Babban aiki ne. Rauni yana iya ruɓewa, jini yana iya zuba, tabon mahaifa kuwa yana nan har abada. Mai jego tana bukatar kamar mako 6 ba daka, ba ɗaukar tulu. Zancen wankan jego da tafasasshen ruwa da kunun kanwa, a tambayi ma'aikatan asibiti tukuna, kada a yi wa ɗanyen rauni gashi. A ba da tazarar shekara ɗaya da rabi zuwa biyu kafin wani ciki. Haihuwa ta gaba lalle a asibiti, kada kuwa a yarda da jiƙon saurin naƙuda ko allurar mai kemis, gama suna iya fasa tabon. Ba gaskiya ba ne wai wadda aka yi wa sau ɗaya ta gama haihuwa. Da yawa su kan haihu ba tare da aiki ba a karo na biyu, in dalilin farko bai dawo ba, amma likita ne zai duba ya faɗa.

YADDA ZA MU FAƊA

Ga roƙona. Mu bar wa mahauta yanka da fiɗa. In za mu ba da labari, mu fara da “ta haihu”, sa'an nan in ya zama tilas mu ƙara “an yi mata aiki”. In za a aika gida da saƙon likita, a aiki mai hankali, ya ce, “An ce ɗan ba zai iya fitowa ba sai an taimake ta da tiyata, in an yi da wuri ita da shi za su tashi.” Ranar barka, gaisuwar da za a yi wa waccan ita za a yi wa wannan. Iyaye mata, ku da a ke jin maganarku a ɗakin haihuwa, taran da kuka haifa a gida alheri ne aka yi muku, ba ma'auni ba ne na surukarku. Ku kuma masu ɗan ilimi irina, kunya ado ce, amma akwai daren da ba a sa ado.

Kashegarin faɗan nan na tambayi ajina, “Wa ya ɗauki cikinku wata tara?” Suka ce, “Innarmu!” Na ce, “Wa ya sha wuya ranar da kuka zo duniya?” Suka ce, “Innarmu!” Na ce, “To, duk wanda ya ke cikin ajin nan haihuwarsa aka yi, uwarsa ce kuwa ta haife shi.” Da aka tashi na kira yaron nan na ce in ya je gida ya gaida mini innarsa, ya ce Malam ya ce sannu da ƙoƙari. Da safe ya ce mini ta yi dariya, ta ce shekara 10 ke nan ba wanda ya taɓa yi mata wannan gaisuwa.

Wata mai zuwa, in muna cikin masu rai, za mu ɗauki kalmar nan “gado”. Ku huta lafiya.

Naku,
Malamin Aji, Bugaje